Ku Cire Sunan Ƙauyen Kawuna Daga Shafin Gauraka

Zuwa ga Shugaban kwamitin da ke tattara shafukan halittu don ɗalibai, Gusau.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da ma'aikatanka. Ranka ya daɗe, na zaɓi yi maka magana a bainar jama'a ne saboda na gaji da ɗumama benci a ƙofar ofishinka ana ce mini yanzun nan ka fita.

Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare a Tsafe. Da kuka nemi malamai su rubuto bayanin tsirrai da dabbobin sabuwar jiharmu, a sa a intanet duniya ta gani, ina cikin waɗanda suka fara amsawa. Har yau ban taɓa ganin intanet ɗin nan da idona ba, amma na ce ai ilimi ne. Ga kukana.

Na ɗaya. Ba ƙa'idojinku nake ƙi ba. Kun ce hoto ya fito tas, bayani kada ya wuce shafi guda, sunan Hausa a sama, na Latin a ƙasa, kada a kwafi littafin kowa. Duk na bi. Ko da aka maido mini da shafin tumfafiya don wai wutsiyar akuya ta shigo gefen hoto, na karɓe shi na koma. Na sake ɗauka, na hau mota a wannan wahalar man fetur, na kawo da hannuna.

Na biyu. Gauraka tsuntsuwa ce da yawancin ɗalibaina ba su taɓa gani ba sai ɗaure a gidan masu hali. Kawuna, yayan mahaifiyata, manomi ne a ƙasar Bungudu, kuma iyakar abin da zan faɗa ke nan game da inda yake. A ƙarshen fadamarsa akwai wani gefe da ya bari babu noma, domin duk damina gauraki kan zo su yi sheƙa cikin ciyawar. Asarar shinkafa yake yi a kan haka, da saninsa. Daminar bara na roƙe shi ya kai ni in ɗauki hoto. Ya kai ni, bisa sharaɗin ba zan faɗa wa kowa wurin ba, don masu kama 'ya'yan tsuntsu su sayar ba sa barci. Na ce ya ɗauka amana ce.

Na uku. Ƙa'idarku ta ce kowane shafi sai an rubuta ainihin inda aka ga halittar. Na bar gurbin fayau, na rubuta dalili a gefe. Aka maido mini. Na je na yi wa sakatarenka bayani baki da baki, ya ce shi dai ba ya karɓar shafi da rami. Na ce to a ajiye shi har in gan ka. Ashe wata ƙa'idar taku ta riga ta kayar da ni: an ce a ambaci cikakken sunan wanda ya ba da bayani. Ranka ya daɗe, wane ne a cikinmu da ba sunan garinsu ne ke bin bayan sunansa ba? Sakataren ya duba sunan Kawu, ya ga ƙauyen, ya cike gurbin. Don ƙwazo har da zana taswira, da kibiya tana nuna fadamar. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Na huɗu. Da a cikin kwamfuta abin ya tsaya, da da sauƙi, don wa ke da ita a nan? Amma kun buga shafukan a takarda kun raba wa makarantu, aka liƙa a allon sanarwa. Kafin damina ta fita, wasu mutane suka sauka daga babur da raga da buhu, suka kwashe 'ya'yan sheƙa ɗaya Kawu yana kasuwa. Ba sai sun yi tambaya ba, kibiya ta kai su. Na yi baƙin ciki, kuma na ji kunyar da ban taɓa ji ba.

Yanzu ga wata daminar ta kawo kai, kuma na ji za ku sake bugawa ku ƙara yawan makarantu. Saboda haka ina roƙon a cire sunan ƙauyen da taswirar daga intanet, a tattaro takardun da aka raba kafin gauraki su sauka. A gyara ƙa'idar, ta yadda halittar da ake farauta sunan ƙaramar hukuma kawai zai isa. Kada kuma a ƙara wa shafin mutum ko harafi ɗaya ba da saninsa ba. In duk wannan ya yi muku nauyi, ku cire shafin gaba ɗaya da sunana, na yafe.

Makon jiya na je gaishe da Kawu. Mutumin da ya goya ni a kafaɗa, bai taɓa kirana da komai ba sai sunan yarinta. Bayan mun ci abinci na tambaye shi ko gauraki sun fara zuwa. Ya dube ni ya ce, "Wace gauraka, Malam? Mu nan sai balbela."

Allah ya yi maka jagora, ya sa ka gama da aikin nan lafiya, ya kuma tsare ka daga ranar da naka zai amsa maka kamar baƙo.

Wassalam.

Malam Sanusi,
malamin kimiyya, Tsafe.