Na ce wa gwaggona lalle ne

Assalamu alaikum, mai wannan shafi da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin ku zage ni ku bari in kai ƙarshe, don ni ma na zagi kaina har na gaji.

Ni nas ce, haifaffiyar Zongon Lome, ina aiki a wani ƙaramin asibiti a Agoè. Ina da gwaggo, yayar mahaifina, mai sayar da atamfa a kasuwa, mace mai kaifin baki. Tun da na fara aikin nan ba ta sake kiran sunana ba, sai "mai kwashe fo". Lokacin da dangin wanda zan aura suka zo gaishe ta, a gabansu ta ce, "Ku dai ku sani, hannun nan babu tsiraicin namijin da bai taɓa ba a Lome." Ta yi dariya, wai wasa take yi. Ba su dawo ba. Kuma washegari ma sai da na durƙusa na gaishe ta, don gwaggo ce.

Gwaggo tana da ciwon suga, amma ta fi yarda da jiƙo a kan ƙwaya. A bikin wata 'yar uwarmu aka sa wa mata lalle, aka kawo kaskon gawayi suna ɗumama ƙafa don ya kama. Kowa na janye ƙafa idan zafi ya yi yawa, ita kuwa tata na dab da garwashi tana ta zuba hira, har tana alfahari cewa ita wuta ba ta damunta. Wallahi a take na gane. Suga ya kashe jijiyoyin ƙafar, tana ƙonewa ba ta ji. Abin da nake gargaɗin marasa lafiya a kai kullum ke nan. Na buɗe baki zan yi magana sai ta ce, "Ke mai fo, matsa, kar ki sa mana warin asibiti a lalle." Mata suka kwashe da dariya. Na matsa, na bar ta da kaskonta.

Bayan wasu makonni 'yarta ta kira ni. "Anti, don Allah hau zemijan, babur ɗin haya, ki zo ki duba ƙafar Mama, babban yatsan ya yi baƙi, ni dai bai yi mini ba." Na je. Tun daga ƙofar ɗaki hancina ya gaya mini. Na riƙe yatsan, sanyi ƙalau. Na lalubi bugun jini a bayan ƙafar, babu. Na danna wurin da farce, ko motsi ba ta yi ba. Baƙin lalle yana da ja a cikinsa kuma fata tana da laushi, wannan kuwa ya bushe ya ƙame, gefensa na tsattsafo ruwa. Ranar ya kamata a kai ta babban asibiti, ba gobe ba. Sai ta dube ni ta ce, "To, likitar fo, me kika gani? Ko sai na zama namiji za ki iya dubawa?"

Na yi murmushi na ce, "Lalle ne ya kama sosai, Gwaggo. A ci gaba da shafa man kaɗe."

Ba zan yi muku ƙarya ba, daɗi na ji. A kan babur ina komawa gida zuciyata fes, kamar wadda ta sauke tulu daga kai. Wace irin mace ce wannan? Ni da nake wanke gyambon mutanen da ban ma sani ba, ina lallashinsu?

Yanzu tana kwance a asibiti da zazzaɓi, kumburin ya haura idon sawu. Likita ya ce a yanke ƙafar ƙasa da gwiwa, idan aka jinkirta dafin zai shiga jini. Ta ƙi. Kun san hujjarta? Ni. Jiya ta kama hannuna, wannan hannun da ta ɓata, ta kira sunana na gaskiya, ta ce wa likitan, "'Yar ƙanena nas ce, ta duba ta ce lalle ne. Jinina ba zai cuce ni ba. Ku dai yanka kuka iya." Likitan ya dube ni, 'yarta ta dube ni, ni kuma na dubi ƙasa.

Na gwada ce mata abin ya canza, ta ce likitan ne ya tsorata ni, maganata ta farko ita ce gaskiya. Na san halinta, ba za ta yarda ba sai na faɗa mata ƙiri-ƙiri cewa na gani tun ranar kasko, na sake gani a ɗakinta, na yi mata ƙarya da gangan. Idan na faɗa, kafin la'asar duk Zongo ta ji, mahaifina ya ji abin da na yi wa yayarsa, aikina kuma ya ƙare. Idan na yi shiru, ƙila mu yi zaman makokinta a makon nan. Abin da ya fi ba ni tsoro, har yanzu idan na tuna "mai fo" sai in ji bakina ya ƙi buɗuwa.

Zazzaɓin ya ƙaru da safen nan, kuma ni take nema a bakin gadonta. Jama'a, me zan yi?