Yunwar Ni'mat Ba Daga Kubra Take Ba

Alsahafa, Maris 2009

Zuwa ga Yayana Hamuda,

Wai ilimin da ka je Turai ka kwaso, na ɓeraye ne kaɗai, ko mu ma 'yan gidanku muna da rabo a ciki? Riƙe wannan tukuna in gaishe ka, kada ka ce ƙaninka ba shi da tarbiyya. Assalamu alaikum. Ya gajiyar hanya, ya zafin Khartum da ka manta? Da fatan kana lafiya a masaukin baƙi. Baba Jatau da sauƙi, ƙafar ce dai. Ƙanwarmu Kubra tana gaishe ka.

Da gangan na rubuto da Hausa, don na lura tun da ka sauka, in an yi maka Hausa da Larabci kake amsawa.

Na je laccarka. Na naɗe tabarmar tsofaffin littattafan da nake sayarwa a Kasuwar Umdurman, na hau bas, na tsaya can baya kusa da ƙofa. Ka ce kowane ɗa yana karɓar ƙwayoyin gado kwafi biyu, na uba da na uwa, amma akwai 'yan kaɗan da aka buga wa hatimi tun kafin a yi cikinsa: a wasu na uban ne ke aiki na uwar ya yi shiru, a wasu kuma na uwar. Ka ce aikinka kiwon ƙwayoyin farko na ɗan tayin ɓera a faranti, waɗanda ba su riga sun zama jini ko ƙashi ba, kana duba ko hatimin yana nan ko ya goge. Aka tafa maka. Ni ma na gane, ya zol, mutumina, ba tare da takardar shaida ba. Kai ka gama sakandare kafin a fara kwashe ɗalibai zuwa sansanin soja. Ni da na ƙi zuwa aka riƙe takardata har yau. Iyakar abin da ka fi ni ke nan, ka riga ni fitowa.

To ga zancen. Ka ga Ni'mat, 'yar Kubra, ran da ka zo. An haife ta laƙwas, ko nono ba ta iya kamawa. Yanzu kuma ba ta ƙoshi. Ta ci kisra ta ci ful, ta koma tana kuka tana lasar kwano, har sai da muka sa wa madafa kwaɗo. Surukar Kubra, Hajja Sittana, ta ce wannan yunwar 'yan Jazira ce, ta masu tsinkar auduga, a jinin uwar take, su gidansu tun kakanni ba a taɓa haifar irinta ba. Ta sa ɗanta Abdullah, uban yarinyar, ya dawo mana da Kubra, wai ta huta. Bai furta saki ba tukuna, amma tsohuwar tana hura masa wuta.

Da na dawo daga laccarka na zaro wani tsohon littafin likitanci daga cikin kayana, na bi shi da ƙamus. Ga ciwon Ni'mat a rubuce, kuma an ce yawanci kwafin uba ne ya ɓace. Na uba! Na faɗa wa Baba, ya ce in bari Dakta, wato kai, ya zo. Ni ke wanke masa ƙafa kullum, amma bakin Dakta yake jira.

Ka je ka faɗa musu. Ka gaida ɓerayenka in ka yi waya.

Ƙaninka,
Idirisu

Alsahafa, bayan mako guda

Yaya Hamuda,

Sallama da fatan alheri. Ya aiki, ya jama'ar da ke layi don su sha hannu da kai? Mu lafiya lau, sai Ni'mat da ta ci ɗanyen ƙullu ta kwana da ciwon ciki.

Na ga saƙonka a waya, gajere kamar kuɗinka ne zai ƙare. Ka ce ba a yanke hukunci sai an gwada jini, kuma ba a yin gwajin a nan. Ka ce ko da kwafin uba ne ya ɓace, tsautsayi ne ba laifin Abdullah ba, kuma wani lokacin kwafi biyun duka daga uwa suke zuwa, shi ma ba laifinta ba. Na koma littafin. Yana nan a shafi na gaba, ban kai wurin ba don na yi saurin murna. Ka yi gaskiya, Allah ya sa ta yi maka daɗi. Na so in samu sandar da zan kwaɗa wa gidan Hajja Sittana, ka ƙwace ta da layi uku.

Amma ka lura da abin da ka faɗa? Ba laifin Kubra ba ne. Wannan kaɗai ya ishe ta ta koma ɗakinta. Me ya hana ka hau raksha ka je ka faɗe shi a tsakar gidansu?

Na sani, don Umdurman ba ta ɓoye komai. Mai shayin da ke kusa da tabarmata ta ce sau biyu tana ganinka a ƙofar gidan Hajja Sittana, sanye da kwat cikin wannan zafin. Ta ce mini, Idirisu, yayanka zai sha jabana, gahawar baƙi, a hannun Ghada kai kana nan kana kaɗe ƙura. Ghada dai, autar Hajja Sittana. Ka san wa ya koya mata son karatu? Tun tana sakandare take tsugunawa gaban tabarmata, in ba ta littafi aro, ta dawo mu yi ta musu a kansa har a kira la'asar. Ban taɓa ce mata komai ba. Me mai tabarma zai ce? Kai kuwa ka zo da hoton ɓera a allo, cikin 'yan kwanaki har ta fara kiran ka Dakta da wata murya da ban san tana da ita ba.

Kishi nake yi, na faɗa, ba sai ka gano shi da madubin ƙara girma ba. Ina kishin jirgin da ka hau, da yadda Baba ke gyara zama in an ambaci sunanka, da Ghada. Amma kishina bai mayar da Kubra mai laifi ba. Ɗazu na same ta tana tambayar Baba ko da gaske ne akwai abin a jininmu. Sai ya yi ta jan carbi.

Ka huta lafiya, in kana iyawa.

Idirisu

Alsahafa, ranar Laraba

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya kwanan ango? Baba yana gaishe ka, ya sa an guge masa farar jallabiyarsa, sai murna yake kamar shi za a ba matar. Da haka na ji cewa jibi Juma'a za a je nema maka auren Ghada, don kai ba ka faɗa mini ba.

Kubra ta gaya mini abin da ka ce mata. Wai ta ƙara haƙuri, in an ɗaura za ka yi wa Hajja bayani a hankali, yanzu ba lokacin tayar da ƙura ba ne. Ta ce to, don ita komai to ne. Shin ka san Abdullah ya aiko a kwashe sauran kayanta? Kafin lokacinka ya yi, nata ya wuce.

Ka tsaya gaban malaman jami'a ka yi bayanin ɗan tayin ɓera ba ko gargada. Tsohuwa ɗaya da butar jabana ce ta ɗaure maka harshe.

Zan zo ranar Juma'a. Ba zan ɓata maka aure ba, wallahi. Ghada ta zaɓa, halas, shi ke nan, littattafan da ke wurinta ma ta riƙe. Zan saɓo Ni'mat a kafaɗa in zaunar da ita cikin maza. In an sha jabana, kafin a yi fatiha, zan miƙe gaban Baba da Abdullah da kawunnansu, da babbar murya yadda Hajja Sittana za ta ji daga ɗakin mata, in ce: Dakta Hamuda ɗan Jatau mai tsinkar auduga, yunwar yarinyar nan laifin uwarta ce?

Ni in na faɗa, mai tabarma ne ya faɗa. Kai suke ji. Kada ka ja ni gefe, kada ka ce sai an jima, kada ka turo mini saƙo. A nan za ka amsa, kowa yana ji.

Allah ya kai mu.

Ƙaninka, ko ka so ko ka ƙi,
Idirisu Jatau