A Buɗe Mana Ma'ajiyar Nan Tun Inna Tana Gani

Zuwa ga Shugaban ƙungiyar da ta buɗe mana cibiyar koyon kwamfuta a Anka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali da ma'aikatanka, ina neman afuwa da na fito da wannan magana bainar jama'a. Ba haka na so ba. Na bi ta hannun mai kula da cibiya, na tura saƙo, na yi ta kiran ofishinku har mai ɗaukar waya ya riƙa gane muryata tun ban gama sallama ba. Amsar dai ɗaya ce, wai ana dubawa. Ni kuma abin da ke gabana ba zai jira a gama dubawa ba. Ganin mahaifiyata yana tafiya, kuma abu ɗaya da take so ta gani kafin ya ƙare yana kulle a cikin ma'ajiyar bayanai ta cibiyarku.

Sunana Lawali. Mu mutanen wani ƙauye ne kusa da Adabka a ƙasar Bukkuyum, rashin zaman lafiya ya dawo da mu Anka. Sana'ata ɗaukar bidiyo: biki, suna, saukar karatu. Daga nan har Gummi, da wuya a sami garin da ban shiga da kyamara a bayan babur ba. Ina cikin waɗanda suka fara koyon aiki a cibiyarku, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa cewa na ƙaru ba. Saboda haka kada a ɗauki wannan takarda a matsayin ta ɗan adawa. Ta ɗan gida ce da aka kai bango.

Ga yadda abin yake.

1. Bara da kaka kuka turo injiniya ya sa wa kwamfutocin cibiya manhajar nan ta kyauta, Linux. Ya zo da babbar ma'ajiyar bayanai, irin wadda ake jona wa kwamfuta da waya, wadda 'yan sana'armu ke ce wa estanal. Ya tara mu ya ce ƙungiya tana so a kafa taskar tarihin yanki, duk mai tsofaffin hotuna ko bidiyo ya kawo a adana masa, nan ya fi aminci. A lokacin tawa ma'ajiyar ta fara wani ƙas-ƙas duk sanda na jona ta, kuma duk mai wannan sana'a ya san fassarar wannan ƙara. Da murna na kwaso ta na kawo. Injiniya da hannunsa ya kwafe komai, ya nuna mini folda ɗauke da sunana, muka yi musabaha. Kafin azumi tawa ta mutu murus. Ko a jikina, don na san inda kayana suke.

2. A cikin kayan akwai ƙanena Nura. Farkon daminar bana ramin zinare ya rufta da shi da wasu abokan aikinsa, Allah ya jiƙansu. Nura mutum ne da bai yarda da kyamara ba. Ɗan'uwan mai bidiyo ne, amma da ya hango ni na saɓa ta, sai ya kare fuska da hula ko ya sulale bayan rumbu. Hoton da ya rage mana nasa shi ne na katin zaɓe, wanda ya ɗaure fuska kamar an kama shi da laifi, Inna ma cewa take wannan ba ɗanta ba ne. Sau ɗaya tak na shammace shi. Ranar da na sayi sabuwar kyamara ina gwada ta a tsakar gidanmu na ƙauye, yana tsugune yana gyaran sarƙar babur, yana tsokanar Inna cewa akuyarta ta fi shi gata a gidan. Ta jefe shi da mara, ya kauce, ya ɗago yana dariya. Gajeren bidiyo ne, ba wani gwanintar ɗauka a ciki. Gidan da aka ɗauke shi ma yanzu kango ne.

3. Bayan an watse daga zaman makoki, Inna ta tuna da wannan rana, ta ce in kawo mata ta gani. Na zo cibiya da filashi a aljihu, 'yar ƙaramar ma'ajiyar da zan kwafo bidiyon a ciki, na jona babbar ma'ajiya, ga foldata nan da sunana, amma da ɗan hoton kwaɗo a jikinta. Na danna, kwamfuta ta ce ba ni da izinin buɗewa. Malam Aminu, mai kula da cibiya, ya gwada da nasa asusun, shi ma ta kore shi. Muka zagaye kwamfutocin ɗakin kaf, labarin bai canja ba.

Da ƙyar na samo lambar injiniyan, wanda ashe ya bar aiki da ku ya koma wata jiha. Mutumin kirki, bai yi mini kwana-kwana ba. Ya ce kuskuren nasa ne. Ranar da ya shirya ma'ajiyar ya kwafe kayanmu, da asusun shugaba ya shiga, wato babban asusun da ke iko da kwamfutar, shi ya sa Linux ta rubuta cewa duk abin da ke ciki na shugaba ne, ba mai buɗewa sai shi. Mu kuwa da asusun ɗalibai muke shiga. Ya ce ya yi niyyar mayar wa kowa izininsa, direba ya matsa a kama hanya kafin la'asar saboda halin da hanyar take ciki, ya manta. Ya tabbatar mini babu abin da ya ɓace. Gyaran kuma layi ɗaya ne ake rubutawa, umarnin canja mai mallaka, har ya turo mini shi a waya. Sai dai kwamfuta ba za ta karɓi umarnin ba sai an ba ta kalmar sirri ta shugaba, kuma ofishinku ya canja kalmar tun ranar da ya ajiye aiki.

4. A nan, ranka ya daɗe, raina ya ɓaci, kuma ba zan ɓoye ba. A ƙungiyarku an mayar da kalmar sirri kamar mabuɗin sito, sai Oga ne ke rataye da shi a ƙugu, in ya yi tafiya kowa ya kwana da yunwa. Malam Aminu kuka damƙa wa ginin da janareto da duk na'urorin da ke ciki, shi ke buɗewa, shi ke rufewa, amma ba ku yarda da shi a kan kalma ɗaya ba. Na roƙi a faɗa masa ta waya, aka ce ƙa'ida ta hana. Na ce to wani ya shiga kwamfutar daga can ofis ya gyara, aka ce ba a shirya na'urorin don haka ba. Na ce a turo mutum, aka ce sai hanya ta yi kyau. Yallaɓai, mu da muke bin hanyar nan kullum don neman abinci, mun san ba ta sa ranar yin kyau ba.

Abin dariya, in da ana dariya a irin wannan, shi ne darasin farko da aka yi mana a cibiyar bayan an sa Linux. An ce mana wannan manhaja ta kowa ce, ba kamfanin da zai riƙe mana wuya, mai kwamfuta shi ne mai iko da kayansa. Mun tafa. Har gobe na yarda manhajar ba ta yi ƙarya ba, abin da aka gaya mata ta yi. An ce mata kayan na shugaba ne, ta tsare wa shugaba kayansa. Tambayata ita ce, yaushe dariyar ƙanena ta zama kayan shugaba?

5. Da na ga abin ya ƙi, na lallaɓa Malam Aminu ya yarda muka ɗauki ma'ajiyar tare zuwa shagon wani mai gyara a kasuwa. Kwamfutarsa ba Linux take ba, ba ta ma gane abin da aka jona mata ba. Sai ta fito da ɗan akwati tana tambaya ko a yi fomatin. Ka san al'adar masu gyaranmu, duk abin da ya ƙi buɗewa maganinsa ɗaya, a goge a sake. Bai ko karanta ba, hannunsa ya tafi. Wallahi ban san sanda na damƙe wuyan hannunsa ba, har kofin shayinsa ya kife a kan tebur. Mutumin da muke gaisawa da mutunci, ranar sai da aka shiga tsakaninmu. Allah ya sa bai kai ga dannawa ba, muka zare ma'ajiyar muka fito.

Tun daga ranar Malam Aminu ya sa ma'ajiyar a kabad ya kulle, ya ce ba ta ƙara fita, kuma ban ga laifinsa ba. Injiniya ya faɗa mana akwai wata hanya, a tayar da kwamfutar cibiya da wata manhajar daga filashi a zagaye kalmar sirrin. Malam Aminu ya ƙi. Ya riga ya sa muku hannu a takarda cewa ba zai bari a taɓa tsarin na'urorin ba, yana da iyali, kuma aikin nan ne abincinsu. Ba zan sa shi ya rasa aiki saboda ni ba, ba kuma zan shiga ta taga in ɗauki abin da yake nawa ba.

6. Inna tana da hawan jinin ido. Likitan da ya duba ta a Gummi ya gaya mini ba tare da ɓoye-ɓoye ba cewa abin da ya tafi ba ya dawowa, magani sai dai ya rage masa sauri. Idon hagu ya riga ya rufe. Na dama yana tsukewa daga gefe, tana ganin abin da ke gabanta kamar mai leƙe ta kafar ƙyaure. Lokacin da Nura ya rasu tana tsince tsakuwa a cikin wake. Yanzu sai ta lalubi buta. Kuka kuma ba ya taimakon idon, amma wa zai hana uwa?

Duk ranar da na dawo daga cibiya, da ta ji tsayuwar babur sai ta ce, "Lawali, sun buɗe abin ga?" Na gaji da ce mata gobe. Ba ta san mene ne izini ko asusu ba. Abin da ta fahimta shi ne, ɗanta yana cikin wani akwati a cikin garin nan, tafiyar ƙafa daga ɗakinta, wasu mutane kuma sun hana.

7. Abin da ya sa na kasa ƙara haƙuri shi ne labarin da Malam Aminu ya ba ni makon jiya, cewa kafin ku miƙa cibiyar ga hukuma za ku turo masu sabunta na'urori, su goge komai su sa sabo. Wato ana da motar da za ta kawo masu gogewa, ba a da wadda za ta kawo mai buɗewa. In suka zo suka tarar da ma'ajiya mai kwaɗo, wadda ba wanda ya san abin da ke cikinta, na san abin da za su yi mata, don na taɓa ganin hannu yana tafiya. Kuma ba kayana kaɗai ba ne. Akwai na mutanen ƙauyukan da aka tasa, waɗanda suka kawo hotunan iyayensu saboda kun ce nan ya fi aminci.

Saboda haka, cikin girmamawa, ga roƙona.

A ba Malam Aminu kalmar sirrin ta waya, ya rubuta layin nan, ku canja abarku a ranar. In ƙa'ida ta hana, kai ne shugaba, ka rubuta masa izinin bin hanyar filashi, don ya san aikinsa ba zai taɓu ba. In wannan ma ya yi nauyi, ka ba ni takarda in ɗauko ma'ajiyar in kawo ta ofishinku da kaina. Hanyar da ma'aikatanku ke tsoro, ni zan bi ta. Kafin nan, ina roƙon a sanar da masu sabuntawa a rubuce cewa kada kowa ya taɓa wannan ma'ajiya. Sannan a duba sauran cibiyoyinku, don injiniya ɗaya ne ya shirya su, kuma ko'ina sauri yake a kama hanya.

Ranka ya daɗe, shekaranjiya da hantsi na shiga gaishe da Inna, rana tar a tsakar gida. Na tsuguna a gabanta, ta daɗe tana kallona, sannan ta kai hannu ta shafa fuskata kafin ta ambaci sunana. Ba ta tambaye ni ko an buɗe ba. Cewa ta yi, "In sunka buɗe, ka ƙara mashi murya sosai. Ko ban gane shi ba, in ji shi." Ita ta fara rage buƙatarta. Ni ban rage ba tukuna, ina so ta ga fuskar ɗanta, kuma yau da sauran ɗan haske a idon.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sauƙaƙa maka nauyin da ke kanka, ya tsare ma'aikatanka a kan hanya. Allah ya bar maka ganinka, ya bar maka na iyayenka in suna raye, in sun rigaye mu ya haskaka makwancinsu. Wayata a kunne take, Malam Aminu kuma yana cibiya kullum har la'asar.

Wassalam.

Naka mai jiran amsa,
Lawali mai bidiyo,
Anka.