Madubin Direba a Ɗakin Aikinki

Kafin gaisuwa ga kacici-kacici, har da ku masu leƙen wasiƙar da ba taku ba. Idanu biyu a jikin bango, mai su an kai ta makwancinta tun damina, amma har yau suna ƙiftawa. Na wane ne? Wanda ya kasa ya tanadi garin da zai ba ni. Gwandu dai ina da ita, kada wani ya yi mini wayo.

Assalamu alaiki, ɗiyata ta fari. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan Allah ya sa kina cikin ni'ima. Ban kira sunanki kina da rai ba, kunyar ɗan fari ta hana, to ba yau zan fara a gaban jama'a ba. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san bokona bai yi nisa ba.

Maganar ɗakinki na Kalgo ce ta sa na ɗauki biro.

Kin tuna lokacin da kika samu aikin nan da ake yi daga gida ta kwamfuta, kika ce ɗaki ɗaya zai ishe ki ke da yara? Na yi dariya har ɗankwalina ya zame. Na ce aiki da yara wuri ɗaya, ai sai dai ki riƙa aika wa mutanen birni takarda da kunu a jiki. Kika jingina tebur da bango, kika sa aka ɗaga wayoyin wuta sama inda hannu ba ya kai, kika shafe ƙasan bango da baƙin fenti don su yi ta zane da alli. Kika shimfiɗa musu tabarma da kwandon kayan wasa. Sannan kika ja layi da jan fenti a ƙasa. Daga nan zuwa tebur ƙasarki ce, wanda ya ƙetare ya san sauran.

Na ce to madalla, kin ba su baya, wa zai duba su? Sai ga ki kin dawo daga wajen masu gyaran mota da madubin cikin bas, siririn nan da direba ke kallon fasinja da shi. Kika sa aka kafa shi saman tebur. Tun ranar nake ce miki direbar da motarta ba ta zuwa ko'ina.

Amma ya yi aiki, wannan kam na yarda. Kujerarki mai juyawa bayanta dogo ne, daga tabarma ba a ganin komai naki sai idanu a cikin madubin. Angona Abba ya ɗaga hannu zai doki ƙanwarsa Walida, sai ya ji an ce, «Ina ganinka.» Ko juyowa ba ki yi ba. Yaron nan har rantsuwa ya yi mini cewa Ummansu tana da ido a ƙeya.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Ziyarar da na riƙa yawaitawa, ina cewa jikokina nake marmari, rabi gaskiya ce. Ni da ke ba mu saba haɗa ido ba, haka aka tashe mu. Amma in na zauna a tabarmar nan na ɗaga kai, sai in ga idanunki a kaina, ni ma in bar nawa a kanki. Babu wanda ya juyo, don haka babu wanda ya yi rashin kunya. A madubin bas na ƙare wa ɗiyata kallo.

Bayan kin tafi, mijinki bai taɓa komai a ɗakin ba. Ƙofar kawai yake jawowa.

Makon jiya ya kira ni a waya, muryarsa ba daɗi. Ya ce Inna, Abba ya bar cin abinci. Ba ya bi ta ƙofar ɗakin nan, sai dai ya zagaya ta bayan rijiya. Ya ce yaron ya leƙa da rana tsaka ya ga Umma a madubi tana kallonsa. An yi masa tofi, an ba shi rubutu ya sha, shiru. Mijinki ya ce ya sayo kwaɗo, zai cire madubin ya rufe ɗakin, ni kuma in tafi da yaran Gwandu. Ka ji mutum. Uwa ta tafi, sannan a raba su da uba da gida.

Na hau bas na zo. Duk hanya idon direba na cikin madubinsa, ni kuwa na kasa ɗaga kai.

Na tarar da angona ya rame, wuya kamar na zabo. Na ce haka za ka aure ni, ko buhun gero ba ka iya ɗagawa? Bai yi dariya ba. Sai da na ja shi gindin darbejiya ya gaya mini. Ashe ranar da zazzaɓin nan ya fara kama ki, ya ƙetare jan layi ya juya ki a kujera kina tsakar magana da mutanen aiki. Kika ce masa, «Bari in gama, ina zuwa kanka.» Ba ki gama ba. Shi a ransa yanzu ne kika zo.

Kin san ni, tatsuniyar dodo ni ke ba da ita, ba a ba ni. Bayan azahar na ce bari in ga wannan abu da idona. Rana ta take, an ɗauke wuta, unguwa tsit, ko akuya ba ta kuka. Walida na ɗauka barci take a ɗakin babanta. Ƙofar ɗakinki a ɗan buɗe take, na tura na shiga.

Ƙamshin turarenki bai gama fita ba. Zanen alli na nan a bango, mutane huɗu riƙe da hannun juna, an goge ɗaya da tafin hannu, amma ana ganin inda take. Na zauna a tabarma inda na saba. Na daɗe ina kallon ƙafafuna.

Sai kujerar ta yi ƙara. Kaɗan, irin wadda takan yi in kin gyara zama.

Na ɗaga kai. Ɗiyata, idanunki ne. Ba kama ba, su ne, har da girar hagu da kike ɗagewa in an ƙetare layi. Suna kaina. Na nemi ayar da zan karanta, duk suka gudu suka bar ni, ni da nake koya wa yara. Suka ƙifta. Amma wallahi ban so su ɗauke ba. Na ce a raina in ke ce, ki ƙara mini kaɗan.

Da rarrafe na ƙetare jan layinki, ki yafe mini. Na kama kujerar na juyo da ita.

Abin da na gani ya zaunar da ni daɓas a ƙasa, dariya da kuka suka haɗe mini har na sarƙe.

Washegari war haka na riƙo hannun Abba. Yana tirjewa, na ce namiji da matarsa a gefe ba ya gudu. Na zaunar da shi a tabarma har idanun suka dube shi. Na ce tashi ka juya kujerar nan da hannunka, wannan karon ni na ba ka izini. Ya juya ta. Ya ƙare wa abin da ke kanta kallo. Sannan ya ce Kaka, akwai sauran tuwon jiya?

Mijinki ya mayar da kwaɗonsa aljihu. Yara suna nan gidansu, ɗakin a buɗe. Ni ce ma na aika a kawo mini kayana daga Gwandu, zan ɗan jima.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya sa ciwon da kika sha ya zama kaffara. Allah ya raya abin da kika bari, ya haɗa mu a inda zan dube ki ido da ido ba kunya. Amin.

Taki har kullum,
Innarki, fasinjar kujerar baya.

To, ku masu leƙe, kun kasa ko? Na karɓi Kalgo.

Idanun Walida ne. Kullum bayan azahar takan lallaɓa ta durƙusa a kan kujerar uwarta, bayan kujerar ya ɓoye ta, tana danna kwamfutar da ba wuta, wai aiki take yi. Ƙusar madubin ta saki, ya sunkuyo daidai tsayinta. Idon uwarta ta ɗauko, har da girar.