Sau Biyu a Rana

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Ya ƙaramar, haƙoran sun gama fitowa ko har yanzu tana hana ku sakat? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Maigidana yana gaishe ka.

Na san za ka ce me ya kai Auta ga rubuta wasiƙa ga waya a hannunta. Dalilin shi ne a waya ba ka bari in kai aya. Da na buɗe baki sai ka ce ka gane, alhali ban ce komai ba tukuna. Takarda kuwa dole ka bi ta har ƙasa.

Ka ce ƙarshen wata za ka zo ka ɗauki Baba ya koma wurinka, a rufe shagonsa. Ban yarda ba, kuma ban gaya masa ba. Na san tsoro ne ya sa ka faɗa, ni ma na tsorata. Amma kai labari ka ji, ni kuwa ni na wanke masa goshi.

Ga yadda abin ya faru. Bayan la'asar ne, yana kan gyaran wani keken ɗinki, sai Tela Dogo, maƙwabcin shagonsa, ya ji ƙarar faɗuwar gwangwanin kusoshi. Ya leƙa ya same shi a ƙasa tsakanin benci da tebur, ya jiƙe da gumi, sukundireba na riƙe a hannunsa. Aka ba shi shayi mai suga, kafin in iso har ya fara faɗan wa ya taɓa masa kwalbar mai. Faɗuwarsa ta farko ma, wadda ya ɓoye mana, da yamma ce. Wannan ne yake ta yi mini yawo a ka. Idan tsufa ne, tsufa ba ya duba agogo. Da safe mutumin nan yana zura zare a allura ba tare da ya nemi tabarau ba.

Ni ina zargin maganin suga. Kada ka ɗaga murya, ban ce babban kantin maganin da ka yi masa rajista ya yi laifi ba. Suna da ƙoƙari. Ranar da aka sa, ranar mai babur ke tsayawa da ledarsa a liƙe, takarda a buge tsaf, ga saƙo a waya. Na karanta takardar da idona: ƙwaya ɗaya, sau biyu a rana, bayan cin abinci, kamar yadda likita ya canza masa. Na tambayi Baba ko sau biyu yake sha, ya ce in ina shakka in zo in tare a shagon.

Ka san a layinmu kowa da kantinsa. Gwaggo babban kantin take so, wai akwai sanyi, kuma ba wanda ya san ta balle ya san ciwonta. Tela Dogo duk wanda ya riga buɗewa nan yake shiga. Ni kuwa ina nan a kan na bakin kwana, wurin Malamar nan da ta yi karatun harhaɗa magunguna, wadda ake kira Maimaita. Ba ta sakar maka leda sai ka maimaita mata yadda za ka sha abin da ke ciki. Wannan ɗabi'ar ce ta raba ta da Baba. Ya ce ta titsiye shi a gaban mata da yara kamar ɗan aji ɗaya. Tun ranar, in zai kira sunanta sai ya raba shi biyu, ya ce Mai Maita. Da ka zo da maganar masu kawowa gida, har hularsa ya gyara don murna, ya ce ya samu mutanen da suka san girman mutum, ba sa tambaya.

Abin da nake roƙo, ka ba ni zuwa ƙarshen watan. Idan ban gano komai ba, ni da kaina zan haɗa masa kaya. Amma ka sani, Yaya, ranar da aka sa wa shagon nan kwaɗo, Baba ne aka rufe a ciki. Tun rasuwar Inna, wurin kaɗai ne yake dariya.

Ka gaida Anti, ka shafa mini kan yara.

Taka ƙanwa,
Auta


Yayana na kaina,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Na ji an ce babban naka ya ci jarrabawa, Allah ya ƙara basira, kan gwaggonsa ya ɗauko. Baba yana lafiya, yana nan yana faɗa, wanda ka san alamar sauƙi ce.

Zauna da kyau, domin na gano.

Da farko na lallaɓa shi mu je wurin Maimaita ta duba masa magungunan. Ya ce ƙafarsa ba za ta taka kantin ba ko da kyauta take rabawa. Na yi nasiha, na yi fushi, na yi shiru irin na Inna, duk a banza. Sai na tafi ni kaɗai na zayyana mata komai, har da dalilin da ya sa ya daina zuwa. Na zaci za ta ji haushi. Sai ta nuna mini wani ɗan lungu a bayan kanta, an sa labule da kujeru biyu da ma'aunin jini. Ta ce ba Baba kaɗai ya gudu ba, dattawa da yawa sun yi, shi ya sa ta yi wurin, yanzu ba ta tambayar kowa a gaban jama'a. Amma tambayar kam ba za ta daina ba. Ta so in gaya mata lokutan da yake shan ƙwayar, na ce ban sani ba, ni dai na san sau biyu ne. Ta ce daga bakinsa take son ji.

Washegari da hantsi ina shagon na kai masa abinci, sai ga ta, rungume da kan keken ɗinkin mahaifiyarta a cikin tsohon zane. Ba ƙarya ta shirya ba, keken ya daɗe yana tsinka zare. Baba ya gan ta ya haɗe rai, amma ka san shi, mutum zai iya ɓata masa, keke ba ya ɓata masa. Ya share tebur, ya kwance murfin, ya hura, ya ɗiga mai, yana ta mita a kan mutanen da ke barin ƙura ta cinye dukiya. Ita kuwa ta zauna a kan bencin nan mai gurguwar ƙafa, ta yi ladab kamar sabuwar ɗaliba.

Ka tuna dokar shagon? Ba mai fita da keke sai ya zura zare a gabansa ya taka ya gani. Haka ya yi mana muna yara, haka yake wa teloli masu furfura. Da ya gama, sai ya tura mata keken ya ce ta zura ya gani. Ta zura, ta tsallake wata ƙugiya. Ya ce a sake. Ta sake, ta yi daidai. Ya ce yawwa, yanzu ya san ba za ta dawo masa da aiki baya ba, don yawancin kekunan da ake kawo masa lafiyarsu ƙalau, masu su ne ba su ji bayani ba.

Sai ta ɗago ta ce, "To Baba, ni na maimaita naka. Saura nawa."

Yaya, na zaci zai kore ta. Ya dube ta ta saman tabarau, ya dube ni, sai dariya ta ƙwace masa, har da tari. Ya jawo ledar maganin daga cikin durowa ya dangwarar a tebur, ya ce ta yi tambayarta, yau ya faɗa hannun mayu.

Ta ce ya gaya mata yadda yake shan farar ƙwayar. Ya ce, "An rubuta sau biyu a rana. Ina shan ɗaya da hantsi, ɗaya da azahar, tun rana ba ta yi sanyi ba. Da sun so in sha da dare, ai da sun ce dare."

Ka ji fa. Ni da kai da masu buga takarda, duk mun karanta rana muna nufin yini da kwana. Baba ya karanta rana yana nufin wadda ke sama. Kuma ka san ba ya wasa da umarni, har agogo yake dubawa kada la'asar ta riske shi bai cika biyun ba. Ga shi da azahar ba wani abin kirki yake ci ba. Ƙwaya ta hau kan ƙwaya, cikin babu komai, suga ya yi ƙasa, yamma na yi sai jiri. Da dare kuma babu magani a jikinsa ko kaɗan.

Ba ta yi masa dariya ba, ni ce na yi, ya harare ni. Ta ce karatunsa ba kuskure ba ne, Hausar ce ta ɗauki ma'ana biyu, kuma ba shi ne na farko ba. Ta huda masa yatsa ta auna, ta kira asibiti a gabanmu, suka ce ya koma ɗaya bayan karin kumallo, ɗaya bayan abincin dare, kuma in kai shi likita ya gan shi. Na kai shi, likita ya tabbatar. Sannan ta sa ya maimaita. Ya maimaita, yana kallon rufi, kamar wanda ake cire wa haƙori.

Na kira babban kantin ma na gaya musu. Wadda ta ɗauka ta yi godiya sosai, ta ce za su riƙa rubuta masa safe da dare. Don haka kada ka ce na ci mutuncin zaɓinka.

Yanzu sai ka janye maganar ɗaukarsa. Ban ce na fi ka hankali ba, na dai fi ka kusa.

A gaida mutanen gida.

Ƙanwarka mai gaskiya a wannan karon,
Auta


Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma tambayar lafiyarku baki ɗaya. Anti ta ce mura ta kama ka, Allah ya sawwaƙe, ka rage zama a ƙarƙashin fanka.

Na gode da kiran da ka yi. Na san ba ƙaramin abu ba ne babban wa ya ce wa auta ta yi daidai, ko da yake ka faɗa da sauri kamar mai tsoron kada a ji. Na yi farin ciki da ka bar Baba a shagonsa. Jirin bai dawo ba. Yamma yanzu ita ce lokacin da ya fi aiki, har Tela Dogo na ƙorafin ƙarar guduma.

A kan kanti kuwa, na so in mayar da shi bakin kwana gaba ɗaya, sai ya taka mini birki. Ya ce kai ka zaɓa masa, ni na zaɓa masa, shi mai haɗiyar ƙwayar ba wanda ya tambaye shi. Hukuncinsa shi ne masu babur su ci gaba da kawowa, don ba ya son layi. Amma duk ledar da aka kawo, ba zai buɗe ba sai ya kai ta bayan labule sun duba tare da Maimaita. Maimaita ta ce ƙofarta a buɗe take, ko ba a wurinta aka saya ba. Jiya ma can na same shi, ya je auna jini ya zarce da koya mata yadda ake ɗaure bel ɗin keke. Har ya ja Gwaggo, ita da ke gudun a san ciwonta, ta fito tana cewa ashe labulen mai kauri ne.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro, don ba zan iya faɗarsa a waya ba.

Da komai ya lafa, na ga bai kamata in ci gaba da ɓoye masa ba. Na gaya masa ka yi niyyar zuwa ƙarshen wata ka tafi da shi, amma yanzu ka fasa, shago ya tsira. Na zaci zai yi tsalle, ko ya yi faɗan an ƙulla abu a bayansa. Bai yi ko ɗaya ba. Ya tambaye ni, ka fasa ɗaukarsa ne ko ka fasa zuwan. Na ce ka ce tunda babu abin da za a ɗauka, ka soke hutun da ka nema, aiki ya yi yawa.

Ya ɗauki tsumma ya shiga goge kan keken da ya riga ya goge. Can ya ce, ba da ni yake ba, da keken yake: "Ashe da na ƙara faɗuwa sau ɗaya, da na gan shi."

Ya yi dariya bayan ya faɗa, don in ɗauka wasa ne. Ni ban ɗauka ba. Na fita waje na tsaya a bayan shagon har idona ya bushe. Yaya, rabonka da gidan nan tun zaman makokin Inna. Ba gori nake maka ba, na san kana kira, kana aike, ba ka taɓa barin ya rasa komai ba. Na kuma san dalilinka, ko ba ka faɗa ba: ba ka son shiga tsakar gidan ka ga ba ta fito ba. Ni ma na sha wannan, amma sai da na shiga ya yi sauƙi.

Don haka ka koma ka sake neman hutun nan. Kada ka zo da babbar mota, babu kayan da za a loda. Ƙaramar jaka ta isa. Ka taho da babban naka, kakansa yana son ya ga tsawonsa. Ɗakinka na da yana nan, na fitar da tsofaffin ƙafafun kekunan da ya tara a ciki, na wanke labule, maigidana ya gyara makullin.

Ban tambaye ka ko za ka zo ba, don na riga na gaya wa Baba kana tafe. Yau da safe ya aika a kira masa wanzami.

Allah ya kawo ku lafiya.

Ƙanwarka mai jiran ka,
Auta