Faifan da Turai ta zare

Dungas, Litinin

Ɗayyabu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina Nabila da yara. Gaisuwa ta ƙare. Tunda ba ka ɗaukar wayata na koma takarda, Bukar direba zai miƙa maka hannu da hannu a Damagaram.

Na'urar ajiyar da ka kafa mana a gidan rediyo, wadda kake kira sarba, ta kama kuka kamar zabuwa. Jiya ana tsakiyar sanarwar rasuwa take ta ƙiƙi-ƙiƙi, har wani ya bugo daga Dogo-Dogo yana tambaya ko kiwo muka koma. Na buɗe manhajar da ka ce ita ke duba lafiyar faifan nan huɗu, ta nuna min kore, wai lafiya lau. To wa ke ƙarya, ita ko kunnena?

Ka san abin da ke ciki. Waƙoƙin daka da tatsuniyoyin da na bi ƙauyuka ina ɗauka a bakin tsofaffi, rabinsu yanzu suna ƙasa. Har da Innarmu. Ba mu da su ko'ina sai nan, don kai ka ce faifai huɗu sun ishe mu.

Yayarka, in ka tuna,
Turai

Damagaram, Laraba

Zuwa ga Yaya Turai,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ki yi haƙuri, aikin ofis ne ya yi min yawa a biro.

Kunnenki ne mai gaskiya. Matsala ce sananniya, kamfanin ma ya sanar: tun da aka sabunta manhajar da ke haɗa faifan da na'ura, mai duba lafiyar ba ta ganin wanda ya mutu. Na leƙa daga nan ta intanet, faifai na biyu ne ya tafi. Kada ki tsorata. Faifan nan huɗu suna riƙe wa juna kaya, in ɗaya ya faɗi sauran ukun na ɗauke da komai. Biyu ne ba a so su faɗi tare.

Ga sabo na ba Bukar. Ki zare na biyu, ki sa shi. Abu ne mai sauƙi.

Ƙanenki mai biyayya,
Ɗayyabu

Dungas, Juma'a

Ɗayyabu,

Sallama, don addini ya ce a yi.

Sananniya! Wa ya san ta? Kai da kamfani kun sani, ni mai zaune da abin ban sani ba. Maginin da ya san katanga ta tsage ya yi shiru, ba gwani ake ce masa ba.

Na ƙirga daga hagu kamar duk wanda ya je lakwal ya yi karatun boko, na zare na biyu. Kukan ya tsaya, fitilu suka koma ja, allon ya fito da tambaya da Faransanci wai ko a share a soma sabo. Malam Hamisu mai karanta labarai ya kai yatsa zai danna amincewa, na kwaɗe masa hannu da ƙamus. Har yanzu ba ya min magana.

Yanzu ba abin da ke buɗewa. Na nemi muryar Inna, babu. Ban ci abincin kirki ba tun jiya. Rabonka da Dungas tun sadakar arba'in ɗinta, na yi shiru. Wannan karon ba zan yi ba. In muryar nan ta ɓata, ka sani sau biyu ka bar ni na binne ta ni kaɗai.

Turai

Damagaram, Asabar

Yaya,

Ina gaisuwa. Don Allah kada kowa ya taɓa komai sai kin karanta wannan.

Akwai wata matsalar, ita ma sananniya ce, ki yafe min kalmar. Manhajar daga sifiri take soma ƙirga, saboda haka na biyunta shi ne na uku a jikin akwatin. Mai lafiya kika zare. Amma tunda ba a share ba, da sauran rai. Ki mayar da shi gurbinsa, ki ƙi tambayar, ki zaɓi inda aka ce a ɗauko tsohon tsari. In ya buɗe, ki zare na uku ki sa sabon. Zai daɗe yana kwashewa, kuma in wuta ta ɗauke a tsakiya, shi ke nan. Ki tada janareto.

Da na zo da kaina, amma aiki. Ki ba Malam Hamisu haƙuri, hannunsa ya yi jihadi.

Naki,
Ɗayyabu

Dungas, Talata

Ƙanena,

Assalamu alaikum. Ya buɗe. Man janareton da aka tanada don wa'azin Juma'a ya tafi, liman zai ji da ni.

Inna na fara nema. Tana nan, da tarinta da dariyarta. Na manta ashe kafin ta soma waƙar dakan ta yi magana a kanka, ta daɗe tana yi. Na saurara, na sake saurara, na kulle ƙofar biro.

Kada ka ce in turo maka ta waya, ba zan turo ba. Ranar Juma'a bayan la'asar za mu sa ta a rediyo, kuma ka fi kowa sanin tasharmu ba ta kai Damagaram. Ita ma matsala ce sananniya.

Bukar ya ajiye maka kujerar gaba.

Yayarka,
Turai