An Yi Feshi, An Tsallake Ɗakin Matata

Malama, don Allah ki taimaka mini da bayani, kaina ya ɗaure. Ni mutumin Gurbin Bore ne ta ƙasar Zurmi, ina sayar da albasa a Fatakwal, sai Sallah nake ganin gida. Matata Kubra tana da ciki, ya tsufa, kuma tun faɗuwar damina masassara ba ta barin ta. Ta tashi yau, jibi ta koma. An ce har idonta ya yi fari.

Abin da ke ba ni mamaki, gida ɗaya suke da matan yayana Na'ibi, tuwo ɗaya, rijiya ɗaya, amma su garau. Gidan sauro kuwa ni na aika mata, sabo fil. Sai da na matsa wa ƙanwata Rumaisa'u a waya ta faɗa mini gaskiya. Ashe da masu feshin sauro suka zo, Yaya ya shigar da su zaure da ɗakin Inna da ɗakunan matansa, ya tsallake na Kubra. Wai maza ba sa shiga ɗakin matar da mijinta ba ya gari.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Ina nan ina kwana a rumfa don su ci, amma ko kira ɗaya a tambaye ni? Sai dai in na natsu, na san mutuncina ya kare. Da na ji an ce ƙatti sun shiga ɗakina ba na nan, wataƙila da ni ne mai faɗan. Na tambayi wani abokina ɗan Shinkafi da muke kasuwa ɗaya, ya ce shi ma haka aka yi wa tasa matar. Shi Yaya cewa ya yi ai tana da gidan sauro, ya isa. To ya isa ɗin? Ko cikin ne ke jawo mata? Mi ya sa ita kaɗai?

Baƙon Fatakwal

Amsa:

Baƙon Fatakwal, Allah ya ba Kubra lafiya. Kai da yayanka kowa na da rabin gaskiya. Gidan sauro kariya ce babba, amma sai ana cikinsa. Mace kuwa ita ke shiga daga baya, ita ke fita da fari, kuma mai ciki in zafi ya dame ta takan yaye shi. Feshi aikinsa a bango yake, inda sauro ke sauka ya huta. Ɗakin da aka tsallake, can ya sami mafaka. Cikin ma yana da nasa, domin yana rage wa mace ƙarfin jure wannan ciwo, ciwon kuma ya tsotse jininta, ya taɓa abin da ke cikin. Ba zan rantse cewa rashin feshin ne kaɗai ba, amma farin idon nan ba na jira ba ne.

Kira Na'ibi yau, ba da faɗa ba. Fara da godiya, sannan ka roƙe shi ya kai ta asibiti a gwada jini, ta kama zuwa awo, inda ake ba masu ciki maganin riga-kafi. Ta riƙa shiga gidan sauro kullum, ta cusa bakinsa ƙarƙashin katifa. Kada kowa ya ce zai rama da fesa maganin gona a ɗakin, guba ne. In da hali, ta koma kwana ɗakin Inna, tunda an fesa shi.

Sannan ka ba shi izini da bakinka tun yanzu: duk ranar da masu feshi suka dawo, Kubra ta fita, a kwashe kaya, shi ya tsaya a ƙofa su shiga. Yayanka ya tsare maka ƙofar ne don bai ji daga gare ka ba. Bari ya ji. Allah ya sauke ta lafiya, ya maido ka gida ka tarar da su biyu.